Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Mai Kamfani Zai Shirya Wa Ranar Musiba

Gobarar ba a wurinmu ta tashi ba. A ginin da muke haɗa bango da shi ta kama, wajen ƙarfe 2 na dare, 'yan kwana-kwana suka yi ta fama har suka hana ta tsallako mana. Da na isa da asuba na ga rufinmu lafiya lau, na yi hamdala, a zuciyata na ce mun tsira. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka gaya mini babu mai shiga ginin sai injiniyoyi sun duba bangon da wutar ta gasa. Kwana 11 ƙofarmu ta yi a garƙame.

Kamfanin ɗab'i gare ni, da ma'aikata 18 a lokacin. Saura kwana 3 a biya albashi, 'yar na'urar nan da banki ke bayarwa don tabbatar da tura kuɗi tana cikin durowar akanta. Lambobin abokan cinikinmu da ranakun da muka yi musu alkawarin gama aiki duk suna cikin kwamfutar ofis. Faifan da muke kwafe bayananmu a kai kuwa, a saman sabar muka saba ajiye shi, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da komai namu. Ruwan kashe gobara ya biyo ta silin ya sauka a kansu su biyun. Ko inji ɗaya bai ƙone ba, ko mutum ɗaya bai ji ciwo ba, amma kamfanin ya tsaya cik. A makon nan manyan abokan ciniki biyu suka kai aikinsu wani wuri, har yau ba su dawo ba. Ban ga laifinsu ba, su ma akwai masu jiransu.

Bayan ƙura ta lafa na ɗauki takarda na jera duk abin da ya ba mu wahala. Da na kalli jerin sai na ga ashe ciwon ɗaya ne. Duk inda muka karye, abu ne da yake tilo a wurinmu: na'ura ɗaya, kwafi ɗaya, ɗaki ɗaya, mutum ɗaya da ya san yadda ake yi. Tun daga ranar, in aka ce tsarin farfaɗo da kasuwanci bayan musiba, abin da nake fahimta shi ne ka bi kamfaninka lungu-lungu ka gano duk abin da yake tilo, ka samar masa na biyu, ko kuma ka san da idonka buɗe cewa ka bar shi haka.

Na san akwai masu jin nauyin wannan magana, suna ganin zama a lissafa gobara da ambaliya da mutuwa kamar kiran su ne. Ni ma na taɓa jin haka. Sai dai mun san hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wanda ke biyan mutane albashi kuwa ba dukiyarsa kaɗai ke hannunsa ba, rufin asirin gidaje da yawa ne.

Rai ne farko

Kafin a zo maganar kwamfuta da kaya, a tabbatar kowa zai iya fita da ransa. Rick Rescorla shi ne shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York. Bayan harin bam da aka kai ginin a 1993, ya matsa wa kowa, manya da ƙanana, su riƙa atisayen sauka ta matakala a kai a kai. Ranar 11 ga Satumba 2001, da jirgin farko ya daki hasumiyar arewa, lasifikar hasumiyar kudu, inda ofisoshin kamfanin suke, tana ce wa mutane su zauna a wuraren aikinsu. Shi kuwa ya ce a fita. Ma'aikatan kamfanin kusan 2,700 suka fita da ransu. Ya koma ciki neman waɗanda suka rage, bai fito ba. Mutanen nan sun tsira ne saboda ƙafafunsu sun riga sun san hanya.

Ba sai wurin aikinka yana dogon bene ba. Ka zagaya shi yau ka duba: ƙofar fita ta biyu tana buɗuwa kuwa, ko an jibge kaya a bayanta? Tamu a lokacin ɗaurin takardu ne tsibi guda a bayanta. Da wutar nan da rana ta zo ta kuma tsallako, ban san da wane baki zan yi wa iyalan mutane bayani ba. Ka zaɓi wurin taruwa a waje, nesa da ginin, inda ba zai tare hanyar motar kashe gobara ba. Ka naɗa wanda zai ƙirga mutane a can, da wanda zai yi in shi ba ya nan. Wanda ke ƙirgar ya san su wa suka zo aiki a ranar, da baƙin da ke ciki, da mai gadi da masu shara da masu aikin dare, domin su ne aka fi mantawa. In akwai ma'aikacin da ba ya iya sauka matakala da kansa ko ba ya jin ƙararrawa, a zauna da shi tun yanzu a tsara wanda zai taimaka masa. Tukwanen kashe gobara a duba ranar da wa'adinsu zai ƙare, a kuma koya wa mutane riƙe su, tare da gaya musu a fili cewa in wuta ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, fita ake yi.

Sai lambobin waya. Na kowane ma'aikaci, da na wani nasa na kusa, a buga su a takarda. Kwafi ɗaya a gidanka, ɗaya a wurin mataimakinka. A daren gobararmu, lambobin mutum 7 ne kawai a wayata.

Sannan ka rubuta sunaye uku a jere: in ba ka nan wa zai yanke hukunci, in shi ma ba ya nan sai wa. Ka faɗa musu a gaban kowa, ka kuma bayyana iyakar kuɗin da za su iya kashewa ba tare da sun jira ka ba. Mai kamfani yakan ɗauka zai kasance a wurin ranar da abin zai faru. Kana iya kasancewa cikin jirgi ko a gadon asibiti.

Tambayoyi biyu kan kowane aiki

Kada ka fara da jera musibu, jerin ba ya ƙarewa. Gobara, ambaliya, girgizar ƙasa, annoba, tarzoma, kutsen intanet, duk a wurare kaɗan suke ƙarewa: ko ka rasa ginin, ko ka rasa mutanen, ko bayanai da kwamfutoci, ko mai kawo maka kaya, ko wuta da ruwa da intanet. In ka shirya wa rashin ginin, ka shirya wa gobara da ambaliya da ma irin namu, inda ginin yana nan a tsaye amma ba ka da ikon shiga.

To ka tara shugabannin sassa, ko a ƙaramin kamfani ka tara kowa, ku jera ayyukan da ake yi a mako. Kan kowane aiki ku yi tambaya biyu. Ta farko: kwana nawa zai iya tsayawa kafin ɓarnar ta zama wadda ba ta gyaruwa? Ta biyu: in bayanan wannan aiki suka ɓace, na kwana nawa za mu iya jure sake yi daga farko?

Ga yadda namu ya fito. Albashi ba ya ɗaukar jinkirin ko kwana ɗaya. Amsa wayar abokin ciniki, yini ɗaya. Bugawa kanta, kwana 3, bayan haka mutane za su fara janye aikinsu. Lissafin ƙarshen wata zai iya jiran mako 2. Sabunta shafinmu na intanet ko wata guda ya yi ba wanda zai lura. A ɓangaren bayanai, zane-zanen abokan ciniki ba za mu iya rasa fiye da aikin yini ɗaya ba, don haka dole a kwafe su kowane dare.

Amfanin waɗannan amsoshi shi ne su ke gaya maka inda za ka sa kuɗi. Ba kowane abu ne ya cancanci na biyu ba. Kuma ka saurari ƙananan ma'aikata da kyau a wannan zama. Mai kula da sito ne ya gaya mini cewa akwai wata roba a babban injinmu wadda in ta tsinke sai an yi odarta daga waje, makonni kafin ta iso. Shekara da shekaru ina da injin ban sani ba. Yanzu akwai guda biyu a ajiye.

Manyan kamfanoni suna bin ƙa'idar ISO 22301, wato ma'aunin duniya na shirin ci gaba da aiki bayan musiba, wadda ta fito a 2012 aka sabunta ta a 2019. In abokan hulɗarka suna neman shaidarta, ka bi ta. In ba haka ba, waɗannan tambayoyi biyu su ne ƙashin bayanta.

Farautar abin da yake tilo

Ka fara da mutane. A kowane kamfani akwai wanda in ya kwanta rashin lafiya wani aiki ya tsaya: shi kaɗai ya san kalmar sirri, ita kaɗai ta san yadda ake haɗa albashi. Ka sa kowane irin wannan mutum ya rubuta aikinsa mataki-mataki, sannan wani ya ɗauki takardar ya yi aikin shi kuma yana kallo bai ce uffan ba. Duk inda mai koyon ya tsaya, nan takardar take da rami. A nan sai an yi hattara da zukatan mutane, domin wani zai ɗauka ana shirin sallamarsa ne. Ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa cewa kai ma ka rubuta naka, kuma wannan ne zai ba shi damar tafiya hutu ba tare da wayarsa tana ta ƙara ba.

Kalmomin sirri a sa su a manhajar da aka yi don adana su, mutum biyu amintattu su iya buɗewa. Mabuɗin manhajar kuma a rubuta, a rufe a ambulan, a ajiye a wuri mai tsaro wajen ofis.

Bayanai su ne inda na fi son ka daɗe. Masu harkar kwamfuta suna da tsohuwar ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi 3 na bayananka, a kan na'urori iri 2, kwafi 1 a wani wuri daban. Kowace lamba a cikinta akwai wanda ya sha wuya kafin a koye ta.

Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, ta kuma taɓa wata. Abokan cinikin da kwafin ajiyarsu yake a wannan harabar sun rasa asali da kwafi a dare ɗaya. Irin kuskurena ne na faifai a saman sabar, girmansa kawai ya bambanta. Don haka in wani ya ce maka bayananka suna ma'ajiyar intanet, ka tambaye shi: a wane gari, kuma kwafin yana ina?

Nisa kaɗai ma bai isa ba. A watan Yuni 2017 muguwar manhajar nan NotPetya ta shiga kwamfutocin Maersk, babban kamfanin jigilar kaya ta ruwa. Shugaban hukumar gudanarwarsa ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake ɗora sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Sabar da ke riƙe da rajistar masu shiga tsarinsu suna da kwafi da yawa a ƙasashe daban-daban, amma duk a haɗe suke da juna, cutar ta bi su gaba ɗaya. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, kwafi ɗaya ne ya tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ta fita daga layi. Kai kada ka jira sa'a irin wannan. Kwafi ɗaya ya kasance a cire, ba ya haɗe da komai, ko kuma a irin ma'ajiyar da ba a iya gogewa ko sauya abin da aka sa mata har sai wa'adi ya cika. Masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa kwafin ajiya suke fara nema su lalata.

Na ƙarshe kuma shi aka fi sakaci da shi: ka gwada dawo da bayanan. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu guda 5, sai suka tarar babu wadda take aiki yadda ya kamata, suka yi asarar bayanan kusan sa'o'i 6. Sun kyauta da suka wallafa labarin duka don wasu su koya. Waɗannan fa ƙwararru ne a harkar. Mu yanzu duk wata 3 muna ɗaukar kwamfuta da babu komai a cikinta, mu dawo da fayilolin wani abokin ciniki da littafin kuɗi daga kwafi, mu duba agogo mu ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Karon farko yini ɗaya da rabi muka yi, alhali a takarda mun rubuta sa'o'i 4.

Ka kuma tanadi yadda za a yi aiki da biro da takarda. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, a lissafin Microsoft. Ba kutse ba ne, ba gobara ba ce, amma a wasu filayen jiragen sama sai da aka koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu. Ka ajiye fom ɗin karɓar oda da littafin rasit na takarda, da bugaggen jerin ayyukan da ke hannu, a riƙa sabunta shi duk mako.

Masu kawo kaya su ma ka duba su da wannan ido. A watan Maris 2000 tsawa ta haddasa 'yar gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a Amurka. Cikin mintuna aka kashe ta, sai dai hayaƙi da ruwa sun ɓata ɗakunan da ake ƙera ƙananan sassan lantarki. Nokia da Ericsson, masu ƙera wayoyin hannu, duk a can suke saye. Nokia ta lura da wuri, ta matsa wa Philips, ta nemi wasu masana'antun. Ericsson ta yarda da cewa jinkirin ɗan kaɗan ne, ta jira, kafin ta farga an riga an kwashe abin da ke kasuwa, aka kiyasta cinikin da ta rasa da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Darasi biyu na ɗauka: ka sami mai kawo kaya na biyu, ka riƙa saye a wurinsa ko kaɗan ne don ranar buƙata kada ka zo masa a matsayin baƙo, kuma in aka ce maka matsalar ƙarama ce, ka fara motsi tun kafin ka tabbatar. Ka tambayi masu kawo maka kayan su biyun inda suke samo kayan. In tushensu ɗaya ne, har yanzu tilo gare ka. Ambaliyar Thailand ta 2011 ta nuna haka, lokacin da masana'antun faifan kwamfuta da yawa suka nutse tare, farashi ya tashi a duniya duka.

Wurin aiki na wucin gadi ba sai ka kama haya ba. Mu da wani kamfanin ɗab'i da ke can wani ɓangare mai nisa muka rubuta yarjejeniya: in ɗayanmu ya tsaya, ɗayan zai ba shi injinsa da dare a farashin da muka amince tun yanzu, kuma ba mai zawarcin abokin cinikin ɗan'uwansa. Ma'aikatan ofis kuwa daga gida za su yi aiki, an riga an gwada.

Albashi da inshora

Ranar da kamfani ya tsaya, tambayar da ke zuciyar kowane ma'aikaci ɗaya ce, ko bai furta ba: za a biya ni? In ba ka amsa ba, ƙwararrun cikinsu ne za su fara tafiya, domin su ne ake nema a waje. Mu sai da na ci bashi na biya kowa daga aljihuna a makon, aka yi kwana 4 ana jira. Har yanzu ina tuna fuskar wani mai aikin inji da ya zo ya tsaya nesa da ni, yana jin kunyar tambaya.

Don haka asusun kamfani ya kasance da mai sa hannu na biyu wanda banki ya sani, da na'urar tabbatarwa ta biyu da ba ta kwana a ofis. Jerin albashin watan da ya wuce, da lambobin asusun kowa, a ajiye kwafinsa a kulle a waje. In komai ya tsaya, a biya daidai da na watan jiya, a daidaita bambancin daga baya. Ka ware kuɗin da zai riƙe albashi da haya da biyan bashi. Ni wata 3 nake hari, na san ba kowa zai iya ba, amma ko na wata ɗaya ya fi babu, kuma a asusu daban don kada ya narke cikin hidimar yau da kullum. Ka zauna da lauya tun yanzu ka san abin da dokar ƙwadago ta ƙasarka da takardun ɗaukar aikinka suka ce game da biyan ma'aikata lokacin da aka rufe wurin aiki, da rage sa'o'i, da tura mutane hutu. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da kuka tsayar a rubuta shi, ma'aikata su san shi tun ana zaman lafiya.

Inshora kuwa, ko takaful ga wanda ya fi natsuwa da ita, ka karanta takardar da kanka. Inshorar kadara tana biyan abin da ya lalace. Cinikin da ka rasa lokacin da kake rufe wani sashe ne daban, na tsayawar kasuwanci, kuma galibi ba ya aiki sai in kadararka ta lalace a zahiri. Ka tambaya a fili: in ginin maƙwabci ne ya ƙone aka hana ni shiga nawa fa? In mai kawo mini kaya ne ya tsaya? In kutse ne? Kowanne yakan buƙaci ƙarin sharaɗi. A lokacin annobar korona, saɓani kan irin waɗannan kalmomi sai da ya kai Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta yanke hukunci a watan Janairu 2021, akasarinsa ya goyi bayan masu kasuwanci. Kai dai ba ka son sai kotu ta fassara maka takardarka.

Abu biyu kuma. Ka duba tsawon watannin da za su biya, ka gwada shi da lokacin da zai ɗauka a sake gini, a yi odar inji, a dawo da abokan ciniki. Wata 12 yakan yi kaɗan. Sannan kada ka rage darajar kayanka don kuɗin inshora ya yi sauƙi. A takardu da yawa akwai sharaɗin cewa in ka yi inshorar rabin darajar kaya, rabin asararka za a biya, ko da asarar ƙarama ce. Sau ɗaya a shekara ka zagaya da waya ka ɗauki bidiyon komai, injuna da lambobinsu da kayan sito, ka ajiye tare da rasit a wajen ginin.

Ranar da abin ya faru

A ƙirga mutane, a kira masu agaji, kada kowa ya koma ciki ɗauko wani abu. Mutum ɗaya ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abin da aka yi da lokacinsa da kuɗin da aka kashe. A sanar da kamfanin inshora a ranar, a ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, kada a zubar da kayan da suka lalace sai jami'insu ya gani.

Baki ɗaya ne zai yi magana da sunan kamfani. Ma'aikata su fara ji daga gare ka kafin su ji a waje, kuma ka sa lokacin da za ka riƙa yi musu bayani kullum, ko babu sabon labari. Abokan ciniki ka kira su da kanka, ka fara da waɗanda aikinsu ya fi kusa, ka faɗi abin da ya faru da ranar da kake da tabbacin cikawa. Ni na yi kwana 3 ina jira in sami labari mai daɗi kafin in kira, a cikin kwanakin nan ne manyan abokan cinikin nan biyu suka tafi.

In kutse ne, a cire na'urorin da abin ya shafa daga layi, a kira ƙwararre, kada a goge komai. In bayanan mutane sun fita, akwai wa'adin sanar da hukuma; a Tarayyar Turai sa'o'i 72 ne, ƙasashe da dama kuma suna da irin wannan doka, ka san taka. Biyan kuɗin fansa ba ya tabbatar da dawowar bayanai.

Rubuta shi, sannan ka gwada

Namu tsarin shafi 6 ne. Na farko sunaye uku da lambobin gaggawa, har da na inshora da banki da mai ginin da mai gyaran kwamfuta. Sauran kuma abin da za a yi in babu gini, in babu kwamfuta, in babu wani mutum, in babu kaya. An buga shi, yana gidajen mutum 4. Kundi mai shafi 100 ba mai buɗe shi da ƙarfe 2 na dare.

Sau biyu a shekara muna atisayen fita. Sau ɗaya kuma muna zama awa 2 a teburi, in kawo labari: yau Talata, ƙarfe 9, kwamfutoci duk sun kulle, akanta tana asibiti, jibi albashi. Kowa ya faɗi abin da zai yi, ya kuma yi shi a zahiri in zai yiwu, ya kira lambar, ya buɗe fayil ɗin. Wanda aka ce ba ya nan sai ya zauna shiru. Duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci, ko wani ya tafi, ko aka sauya banki ko manhaja, a buɗe shafukan a gyara.

A zaman da muka yi na baya, mataimakin akanta ya bi takarda daidai har ya kai matakin tura albashi, sai lambar tabbatarwa ta tafi wani tsohon layin waya da mai sa hannu na biyu ya daina amfani da shi tun bara. Muka gyara a banki cikin makon. Zama na gaba an riga an sa ranarsa a kalandar ofis, kuma a wannan karon ni ne zan zauna shiru.